Daga Dawa Zuwa Turke: Tarihin Ajiye Namun Daji a Ƙasar Madarunfa

Ajiye naman daji a gida tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Kwarin Gulbin Maraɗi, inda garin Madarunfa yake, na cikin wuraren da al'adar ta sami duk abin da take bukata: daji mai duhu, ruwa mai kaiwa rani, maharba, fada da kasuwa. Sai dai magabata ba su ajiye kura ko jimina don ta ɗebe musu kewa ba. Duk dabbar da aka fito da ita daga dawa aka ɗaure a turke tana da aikin da take yi wa mai ita. Wata kwarjini take ƙara masa, wata kuɗi take kawowa, wata kuwa jama'a take tara masa a bakin kasuwa. Ajiye dabba don sha'awa tsagwaronta, irin wadda matasa ke kallo a waya suna cewa ina ma su ne, baƙon abu ne da ya shigo daga baya.

Madarunfa tana kudu da birnin Maraɗi da nisan kilomita 20 da 'yan kai, a bakin tafkin da Gulbin Gabi ke zuba wa ruwa. An fi sanin garin da kifin tafkin da kuma kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. Gundumar ta haɗa da Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma, kuma a kudu maso yammacinta, daf da iyakar Najeriya, dajin Babban Rafi yake. Wannan daji guntu ne na wani ƙungurmin jeji da ya taɓa raba Maraɗi da Katsina, kuma yaƙi ne ya raine shi. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Daga nan aka shiga kai wa juna hari kusan ƙarni guda, ƙauyukan da ke tsakani suka watse, gonaki suka koma saura, saura ta koma kurmi. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya ratsa wani yanki na wannan jeji a watan Janairu 1851, daga Gazawa zuwa Katsina, ya wuce ta kufan Ɗankama, ayarinsu na tafe cikin ɗari-ɗari. Abin da ya kori manomi shi ya zaunar da giwa, zaki, damisa, kura da gwanki.

Masu shiga wannan jeji su ne maharba, kuma ta hannunsu kusan kowace dabbar dawa ta iso gida. Ba a cika kama babba da rai ba. Uwa ake harbewa, sai a tarar da ɗa a gefenta ko a cikin rami, a saɓo shi a burgami. Ɗan barewa a shayar da shi nonon akuya, ɗan biri a ba yara, abin da ya fi ƙarfin gidan talaka kuma a kai wa Sarkin Baka ko mai gari, shi kuma ya yi gaisuwa da shi a fada. Farautar ma tana da ƙa'ida. A cikin Anna, wato manoman kwarin da suka riƙe addinin gargajiya, ba a faɗa wa jeji da farauta sai an yi buɗin daji, kuma gidaje da yawa suna da kan gida, dabbar da zuriyarsu ba ta kashewa, ba ta ci. A cikin iskokin da ake girmamawa a ƙasar Maraɗi akwai Kure, wanda siffarsa ta kura ce. Masanin nan ɗan Faransa, Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin rayuwar mutanen kwarin, ya yi rubutu mai yawa a kan waɗannan al'adu. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin yadda kura ta zama abar tsoro, abar dariya a tatsuniya, kuma abar neman asiri duk a lokaci guda ba.

Cikin dukan abin da aka ɗauko daga dawa, zabo ne kaɗai ya zama ɗan gida na haƙiƙa. A Afirka ta Yamma aka fara kiwonsa, kuma dabarar da aka bi tana nan har yau a ƙauyukan Gabi da Safo: a samo ƙwai, a sa wa kaza ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'yan da ba nata ba. Duk da haka zabuwa ba ta bar halin dawa ba, ta fi son kwana a kan itace, ta kuma ɓoye ƙwanta a cikin ciyawa. Akwai kuma tsuntsun da ya zauna da mutane ba tare da igiya ba, wato shamuwa, wadda kan iso gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a itatuwan tsakiyar gari. Ba mai ciyar da ita, ba mai jifarta, ko yaro ya san ba a taɓa ƙwanta. Sauran dabbobin da za a ambata a nan sabo kawai suka yi. Ba sa haihuwa a turke sai nadiran, don haka in ɗaya ta mutu sai an koma daji an ɗauko wata.

A fada, naman daji shaida ce ta nisan ikon sarki. Tun a 1257 mai sarautar Kanem ya aika wa sarkin Tunis kyautar raƙumin dawa, kuma Ibn Khaldun ya rubuta yadda mutanen birnin suka yi dafifi don kallonsa. A Kano, tarihi ya danganta figini da takalman gashin jimina ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau suna cikin kayan sarautar Kano. Ƙananan fadoji da gidajen attajirai sun bi sahu gwargwadon ƙarfinsu. Akan ga barewa tana kiwo a tsakar gida tare da tumaki, ko ƙaton kunkuru da ya girmi maigidan yana rarrafe a gindin danga, daga baya kuma ɗawisu ya shigo, wanda asalinsa tsuntsun Indiya ne. Amma tsuntsun da manya suka fi so shi ne gauraka, saboda tsayinsa, da tukkun nan mai ruwan zinariya, da kukansa mai kai wa nesa. Akan datse masa fiffike a sake shi a farfajiya. Gauraki sun taɓa yawa a fadamun ƙasar Hausa har suka shiga tatsuniyar Gizo. Yau da wuya a ga garkensu a arewacin Najeriya, ko da yake ana kiran gauraka tsuntsun ƙasar, kuma kamun da ake yi masa don kai wa gidajen masu hali na cikin abin da ya ƙarar da shi, tare da bushewar fadamu.

Inda kuɗi ya shigo, kiwon ya fi tsari kuma ya fi tsanani. Misali mafi bayyana shi ne na tunkun jibda, wanda wasu ke kira magen juda, dabbar dare mai dabbare-dabbare da ke fitar da wani maiƙo mai ƙarfin ƙamshi daga wata 'yar jaka a ƙarƙashin wutsiyarta. Da wannan maiƙo ake haɗa turare, kuma fatake na kai shi har Arewacin Afirka. A 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ziyarci Atiku, ƙanen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Sakkwato, ya rubuta cewa yana da irin waɗannan dabbobi 200, an kuma nuna masa biyu. Kowanne da kejinsa na itace. Abincinsu dakakkiyar dawa ce da busasshen kifi, a cuɗa a dunƙula. Bayan kowane kwana biyu, da safe, sai a matse dabbar a lungun keji, a danne mata kai da sanda, a kankare jibdar da ɓawon makankari. Baƙon ya lura cewa ko kusa ba su saba da mutum ba, a fusace suke. Atikun nan shi ne ya gaji Bello a 1837, ya kuma rasu a 1842 bayan yaƙin da ya kai wa Tsibiri, maƙwabciyar Maraɗi.

Jimina ta fi jibda tashe. A shekarun 1870 da 1880 matan Turai suka ɗora wa hulunansu gashin jimina, farashinsa ya yi sama, ya zama ɗaya daga cikin manyan kayan da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kano da Damagaram zuwa Tarabulus. Maharba na kashe ta dawa su feɗe fatar da gashinta, amma a Damargu da Barno mutane sun riƙa kama 'yan jimina suna reno a gida, suna fige su lokaci-lokaci. Ƙwan kuma a huda shi a ɗora a ƙololuwar ɗaki ko masallaci. Ingancin gashin wannan yanki ya kai ga gwamnatin Afirka ta Kudu, wadda manomanta suka riga suka mamaye kasuwar duniya da jiminar gona, ta turo tawaga a 1911 don neman irin. Tawagar ta yada zango a ƙasar Kano, Faransawa suka hana fitar da tsuntsun daga yankin da suke mulka, amma duk da haka ta koma gida a 1912 da jiminu fiye da 100. Wahalar banza aka sha, domin a 1914 kasuwar gashin ta rushe, yayi ya wuce, yaƙin duniya ya ɓarke. Jiminar dawa kuwa ba ta farfaɗo ba. Farauta da fari suka ci gaba da cin ta, har ta ƙare ƙaf a dajin Nijar a farkon wannan ƙarni.

Aku shi ba ɗan ƙasar ba ne. Tsuntsun kurmi ne, fatake masu safarar goro suka riƙa zuwa da shi arewa, ya zama abin ado a zauren attajiri saboda iya kwaikwayon magana. Sanin da Hausawa suka yi masa ne ya sa Abubakar Imam ya ɗora labaran Magana Jari Ce a bakin aku a ƙarshen shekarun 1930.

Waɗanda suka mai da ajiye naman daji sana'a ta gado, kuma talaka ya fi sani, su ne gardawa, masu wasa da kura da maciji da biri. Sana'ar ta daɗe. Clapperton ya ga masu wasa da maciji a Kano a 1824: an zazzage macizai biyu daga jaka, ɗaya ya kama kaɗa ƙaramar ganga, macizan suka fasa kai, ɗayan yana naɗa su a wuya, yana cusa su a ƙirji, yana wurga su cikin 'yan kallo. Ya kuma lura da abu biyu da ba a so ɗan kallo ya lura da su, wato an cire wa macizan haƙoran dafi, kuma mai wasan ya naɗe hannunsa na dama da tsumma mai kauri. Kimanin shekara 200 ke nan, amma wasan bai sake sosai ba.

Gardawa ba mazauna wuri ɗaya ba ne. Ayari suke yi, mutum biyar ko goma, galibi 'yan gida ɗaya, su bi ranakun kasuwa da bukukuwan salla da na kaka, lokacin da hatsi ya shigo kuma aljihu ya yi nauyi. Iyakar da Turawa suka shata ba ta tsare su ba. Hanyar Katsina zuwa Jibiya, zuwa Ɗan Isa, zuwa Maraɗi mai cin kasuwa Litinin da Juma'a, hanyar 'yan kasuwa ce, kuma inda ɗan kasuwa ya bi nan gardi ke bi.

Wasan yana da tsarinsa. Makaɗa ke fara buɗe fili, jama'a su yi da'ira. Gardi ya shigo da warki mai tuntaye, layu da guraye sun cika masa ƙugu da damtse, akayau na kaɗawa a ƙafarsa, yana kirari yana juyi. Da biri ake somawa, don shi ne mai ba da dariya: an sa masa 'yar riga, ya yi gaisuwar soja, ya yi kwaikwayon mai salla ko mai noma, ya zaga yana miƙa hannu, wanda ya ba shi kuɗi ya kai wa ubangidansa. Sai a buɗe akwatin macizai, a fito da mesa a yafa a kafaɗa, a saki gamsheƙa ta fasa kai. Kura ce ta ƙarshe. Akan jawo ta da sarƙa mai kauri, bakinta cikin takunkumin igiya da aka saƙa daidai kanta, tana turjewa, da'irar ta buɗe da kanta, mata da yara su ja da baya. Gardi ya yi kokawa da ita, ya rungume ta, ya ɗaga ta sama, wani lokaci ya zare takunkumin na ɗan lokaci, kulki na hannun na kusa da shi. Iyaye kan biya a ɗora musu yaro a bayanta don a cire masa tsoro. Idan hankali ya gama taruwa sai a shimfiɗa buhu a baje ainihin hajar: ƙulle-ƙullen garin magani, layu, saiwoyi, gashin kura, maganin sara da harbi, maganin mayu, maganin kwarjini. Dabbar talla ce, maganin ake sayarwa. Hausawa sun daɗe da gane yadda rabon yake, shi ya sa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gardawa na cewa asiri ne ke ba su ikon shiga ramin kura su fito da ita, kuma tun suna yara ake ba su sha da wanka. Abin da ido ke iya gani shi ne sanin halin dabba, da haƙuri, da yunwa, da sanda. Kurar da aka kama tana ƙarama takan saba da mai ciyar da ita har ta riƙa bin sa, domin a dawa ma cikin dangi take rayuwa, ta san babba ta san ƙarami. Sai dai sabo bai rage mata ƙarfin muƙamuƙi ba. Dabba ce da kan haura kilo 60, tana farfasa ƙashin saniya ta haɗiye, kuma ana haihuwar 'ya'yanta ido buɗe da haƙora a baki. Ciyar da ita kullum nauyi ne, shi ya sa ayarin gardawa ba ya nisa da mahauta. Tabon da ke hannuwan tsofaffin gardawa ya isa shaida. Bika ma, wato gwaggon biri, in ya girma fiƙoƙinsa kan yi tsawon da ba a wasa da su, don haka wasu ke karya su tun da wuri. Ba Hausawa kaɗai suka gwada zama da kura ba. A kabarin Mereruka da ke Sakkara a Masar, wanda ya haura shekara 4,000, an zana kuraye a ɗaure ana ɗura musu abinci, a birnin Harar na Habasha kuma har yau akwai masu ciyar da kurayen dawa da hannu a bayan ganuwa da dare, ba sarƙa ba takunkumi.

A batun maciji ne sana'ar ta fi cutarwa. Maciji ba ya jin kiɗa yadda mutum ke ji, motsin hannu da na ganga yake bi. Haƙoran dafin da aka cire suna sake tsirowa, shi ya sa akan ji labarin gardin da macijinsa ya kashe. Mafi muni shi ne maganin sara da ake sayar wa manoma. Macijin da ya fi kashe mutane a wannan yanki shi ne kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa. Dafinta na hana jini daskarewa, mutum ya yi kwana ɗaya ko biyu kamar ya warke, alhali jini na zuba a cikinsa. Ba kowane sara ne ke zuba dafi mai yawa ba, don haka wasu kan tashi ko da magani ko babu, sai a ce garin gardi ne ya yi aiki. Wanda dafin ya kama sosai kuwa, allurar kashe dafi ta asibiti ce kaɗai ke ceton sa, kuma kwanakin da ya ɓata yana shan jiƙo su ne ke kai shi kushewa. A nan karin maganar da ke cewa in kura na maganin zawo ta yi wa kanta ta zauna daram.

Malamai ba su haramta ajiye dabba kai tsaye ba. Sukan kafa hujja da ƙaramin yaron nan na Madina da ke wasa da ɗan tsuntsu Annabi (SAW) bai hana shi ba, sannan su ja kunne da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Abin da suka fi suka a wajen gardawa shi ne tsafi da ikirarin asiri.

Zuwan Turawa ya sauya dajin kafin ya sauya sana'ar. Da aka gama shata iyaka tsakanin yankin mulkin Faransa da na Ingila a shekarun 1906 zuwa 1908, hare-hare suka tsaya, mutane suka koma kufai suka sake sara. Noman gyaɗa ya bunƙasa, jama'a ta ninka, jejin da Barth ya ratsa cikin tsoro ya zama gonaki. An kuma yi shekaru ana zuba guba a mushe don kashe kuraye da diloli saboda dabbobin makiyaya, abin da ya share su daga wurare da yawa. Hukuma ta fara keɓe gandun daji, ta kafa ma'aikatan da ke tsaronsa. Kallon naman daji ma ya koma hannun gwamnati: gidan tarihi na Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama a yau, yana da sashen dabbobi, Kano kuma ta sami gidan zu a zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970. Nijar ta hana farauta a 1974, ta shiga yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe a 1975, sannan ta kafa doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji, ta kuma sa kama su ko ajiye su ya zama sai da izini. Najeriya ta yi tata dokar a 1985. A takarda ke nan. A kasuwa, gardi da kurarsa sun ci gaba da wucewa ta gaban jami'ai.

Babban Rafi ya riƙe ragowar martabarsa har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce. A shekarun 1980 da 1990 garken giwaye kan ƙetaro daga Najeriya ya zauna a cikinsa, manoman gefen dajin na kwana a gona da gangaye da wuta don kare hatsinsu. Daga baya giwayen suka daina zuwa. Dajin ya zama wurin saran itacen girki na birnin Maraɗi, a 'yan shekarun nan kuma ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mai da shi maɓoya. Gaskiya ne itatuwa sun dawo gonakin jihar Maraɗi tun daga shekarun 1980, albarkacin dabarar barin tsiron kututture ya girma, amma gawo da kalgo a tsakiyar gero ba sa ɓoye kura. Gardin yau sai ya yi nisa, ko ya saya daga hannun wani, kafin ya sami dabbar wasa. Da yawa sun karkata kudu inda kuɗi yake. A can ne mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wani ayarinsu a 2005 da 2007, a gefen Abuja da Legas, ya fitar da littafin hotuna da ya zaga duniya. Turawa da yawa da suka ga hotunan sun ɗauka 'yan daba ne masu karɓar bashi da kura, alhali masu wasa ne da sayar da magani.

Wani abin da ba a cika sani ba a ƙauyukan Madarunfa shi ne, ƙananan dabbobin da yara ke tsinta a gona sun zama abin marmari a ƙasashen waje. Bushiyar da ake kiwo a gidajen Amurka da Japan irin ta wannan yanki ce, mai farin ciki da yatsu huɗu a ƙafar baya. Daga Afirka ta Yamma, har da arewacin Najeriya, aka kwashe kakanninta kafin Amurka ta hana shigo da ita daga Afirka a farkon shekarun 1990 saboda tsoron cutar dabbobi, kuma a 2016 aka buɗe gidan shan shayi a Tokyo inda ake biya don a riƙe bushiya a tafin hannu. Babban kunkurun Sahel, na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, an fitar da dubbansa zuwa Turai da Amurka, har Amurka ta hana shigo da shi a 2000 saboda kaskar da ke jikinsa. Masu sayensa yana ɗan mitsitsi ba sa tuna cewa zai iya haura kilo 50 ya kuma rayu fiye da shekara 70, shi ya sa gidajen karɓar dabbobin da aka yasar a can suka cika da shi, alhali a dajinsa na asali ya yi ƙaranci. Yanyawar hamada mai manyan kunnuwa ita ma ta shiga wannan kasuwa. Aku kuwa an kwashe shi daga kurmi har sai da taron CITES na 2016 a Johannesburg ya hana cinikin na dawa tsakanin ƙasashe gaba ɗaya.

Daga can sha'awar ta juyo gida ta cikin waya. Saurayin da ya ga attajiran ƙasashen Larabawa da ɗan zaki a kujerar mota a TikTok shi ma sai ya fara tambayar kuɗin ɗan barewa ko ɗan biri. Bambancinsa da gardi shi ne bai gaji sanin dabbar ba, kuma ba shi da abin da zai ci da ita. Ɗan biri kan yi daɗin sha'ani shekara biyu ko uku, in ya balaga ya fara cizo, ya ƙare a ɗaure a gindin bishiya da igiya a ƙugu. Cizonsa da na yanyawa na iya ɗauke da ciwon haukan kare. Ɗan barewa kuma sau da yawa ba ya daɗewa a tsakar gida.

Kiwon naman daji da ya rage mai ma'ana a Nijar yanzu shi ne wanda ake yi don a mayar da dabbar inda aka ɗauko ta. A Kelle, cikin jihar Damagaram, ana renon jiminu masu jan wuya, irin waɗanda aka yi ta fige wa gashi a da, da nufin sake su a dawa, kuma wasu daga cikin iyayen garken daga gidajen mutane aka samo su. A ɓangaren kare dajin kansa kuma, tafkin Madarunfa da dajinsa da kaburburan waliyyai sun shiga jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006, tafkin kuma ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 2019, saboda tsuntsayen ruwa da ke sauka a kansa. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma, da suka ragu zuwa 49 a 1996, sun haura 600 a yankin Kouré kusa da Yamai. A watan Nuwamba 2018 aka ɗauki 8 daga cikinsu a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, aka sake su a gandun Gadabeji da ke arewacin jihar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955. An ƙara kai 4 a 2022, kuma sun fara haihuwa a can.